Ƙarafan Ɗiyata da Ruwan Toka

Har yau in na ga mace ta durƙusa gindin randa tana dirzar tukunya da soso da toka, kau da kai nake yi. Matata ta sani, shi ya sa take jan kayan wanke-wankenta bayan ɗaki in ina gida. Toka ce ta ci wa ɗiyata shekara guda cur, ina ji ina gani, kuma babu alƙalin da zan kai wa ƙara, don wadda ta yi ɓarnar da kyakkyawar zuciya ta yi ta, har ta haɗo mana da kifi.

Sana'ata cajin batir da sayar da kayan babur a Bagudo. Duk ɗan kabu-kabun da ke bin hanyar iyakar Benin ya san shagona, wasu ma sun fi sanin bencina a kan tabarmar gidansu. Ɗiyata ta fari kuwa karatun sinadarai take yi a jami'a, tana kan digiri na biyu. Wata shekara malamansu suka tafi yajin aiki, aka garƙame ɗakin gwaji, ta dawo gida gab da faɗuwar damina da akwati biyu. Ɗaya na tufafi ne. Ɗayan ta sa masa kwaɗo, ta ce ko ƙuda ya sauka a kai sai ya wanke ƙafa.

Kwana kaɗan da zuwanta ta ƙwace mini ɗakin ajiya na bayan shago. Ta fitar da tsofaffin tayoyina waje kamar ita ta gina wurin, ta buɗe taga, ta kafa tebur, ta jera kwalabe da kofunan gilashi da wasu faranta na ƙarfe masu faɗin tafin hannun jariri. Kowane faranti da 'yan ɗigo-ɗigo da aka buga masa a kusurwa don a gane shi, kuma ta ce tun a makaranta ta auna nauyin kowanne a wani sikeli da ko gashin gira ya faɗa masa sai ya yi magana.

A cikin kwalaben akwai wata 'yar ƙarama mai ruwan mai, launin shayi. Sunansa anilin. Na buɗe don in gaisa da baƙo, sai wani wari ya buge ni irin na kifin da ya kwana uku a rana ba gishiri. Ta fizge kwalbar da hannu cikin safar roba, ta ce guba ne, ta fata ma yana shiga. Na ce mata in dai wannan warin ake zuwa jami'a nema, ai da ta faɗa mini tun farko na kai ta bakin kogi kyauta.

Aikin nata, yadda ta yi mini bayani kuma na gani da idona, ga shi. Takan zuba ruwa mai tsami a kofi, ta ɗiga anilin, ta ƙara wani ɗan'uwansa mai dogon sunan da na daina wahalar da harshena a kai. Sai ta tsoma farantin ƙarfe a gefe ɗaya, sandar gawayi irin ta cikin batirin tocila a ɗaya gefen, ta haɗa su da waya zuwa batirina. Wutar ba ta barin ta tafi kai tsaye, sai ta bi ta wani ɗan akwati da ke rage ta har ta zama kamar numfashin sauro. Na ce wannan rowa ce, batir cike yake, a sake masa mara. Da na dame ta, ta ba ni murfin gwangwanin madara ta ce in gwada son raina. Na ba shi wuta irin ta maza. Abin da ya hau kansa ya ƙone, ya yi baƙi, ya zube kamar ƙanzo. Daga ranar ban ƙara ba da shawara ba sai in tana sallah.

Nata kuwa, in ta bar shi a hankali, sai ka ga ƙarfen yana sauya fuska a cikin ruwan. Fari-fari ne da farko, can sai wani kore ya fara lulluɓe shi, ya yi ta duhu har ya kai koren ganyen kuka ɗanye. Ta ce wutar ce ke kama 'yan ƙwayoyin anilin da na ɗan'uwan nasa tana saƙa su jere kamar carbi mai duwatsu iri biyu, carbin kuma yana kwanciya a jikin ƙarfen ya zama riga. Rigar nan dangin roba ce, amma tana ɗaukar wuta.

Nan muka yi faɗa na farko. Ni da na tsufa ina naɗe waya da roba don kada wuta ta kama mutum, yau yarinyar da na yi wa huɗuba za ta ce mini roba na ɗaukar wuta? Ba ta yi musu ba. Ta kankare koren daga wani faranti mai kauri, ta danne garin ya zama kamar ƙwayar magani, ta ce in ɗauko mitata da kaina. Na ɗora bakin wayoyin biyu. Allura ta motsa. Na girgiza mitar, na buge ta a cinya, na sake ɗorawa, ta sake motsawa. Ranar duk wanda ya kawo caji sai da ya ga ƙwayar nan, har wani mai sayar da rake da ya tsaya tambayar hanya.

Amfanin rigar, in ji ta, hana tsatsa. Muddin tana kore, tana raye, tana tsare ƙarfen. Matsalar ita ce anilin shi kaɗai ɗan gata ne, sai cikin tsami yake rayuwa. Ka sa shi a ruwan kogi, tsaminsa ya tsiyaye, sai ya koma shuɗi, ya daina ɗaukar wuta. Shi kuwa ɗan'uwan da take haɗa su, da guzurin tsaminsa yake tafiya a jikinsa. Don haka ta yi faranta iri-iri, wani ɗan'uwan kaɗan, wani rabi da rabi, wani ya fi yawa, wasu kuma ta bar su tsirara ba riga. Tambayar da digirinta kaf ya rataya a kai ita ce, wane haɗi ne zai yi damina guda a cikin kogin Kwara ya fito da korensa, kuma nawa tsatsa ta ci daga kowanne. Anilin ɗin da ta zo da shi ya ƙare tas a faranti na ƙarshe, kuma ba abin da ake samu a kasuwar Bagudo ba ne.

Saura wanda zai riƙe su a ruwa. Ina da amini Basarke, masunci ɗan masunci, wanda muka yi makarantar allo tare, kuma tun lokacin nake gaya masa cewa in aka yanka shi ruwan kogi zai fito maimakon jini. Da damina yakan tashi da iyalinsa zuwa tungarsu can kusa da iyaka, inda in ka jefa dutse da ƙarfi sai ya faɗa ƙasar Benin. Da ya ji maganar hana tsatsa ya gyara zama, don kusoshin jirginsa da facin ƙarfen da ke gindinsa kowace shekara sai ruwa ya cinye su. Ɗiyata ta ɗaure farantan a wani katako da zaren koma, ta durƙusa gabansa ta yi masa bayani. Kada a wanke, kada a goge, kada a kankare. Ranar da za a dawo da su a sa su a bokiti da ruwan kogin, da laka da gansakuka da duk abin da ya manne. Ta faɗa, ta maimaita, ni ma na ƙara da nawa.

Ya ce, "Awo, ɗiyata, na ji. Ko kada ya zo shinshina su sai ya nuna mini takardar izini."

Kuma ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Damina ta yi ta zuba, kogi ya cika ya tumbatsa, shi kuwa kullum sai ya duba igiyar bai taɓa ɗago ta ba. Ɗiyata a gida ta zama kamar mai jiran haihuwa. In hadari ya haɗo ta gabas sai ta tsaya ƙofar shago tana kallon yamma. Kiran waya kuwa ba ya shiga tungar nan. Ka kira, sai wata mata ta amsa maka da Faransanci, don layin can ƙetare ya fi namu ƙarfi a wurin. Na yi wa matar nan magana da Hausa, na yi mata da Zabarmanci, na roƙe ta don girman iyayenta, abu ɗaya take maimaitawa.

Da ruwa ya fara ja baya aka ce an janye yajin aiki. Muka aika wani ɗan kabu-kabu mai bin hanyar Kurgu ya gaya wa aminina ya kawo kayan ranar kasuwa. Saƙo ya isa. Ya ɗago katakon, ya sa a bokiti da ruwan kogi yadda aka ce, ya ajiye bayan bukka. Sai ya ce wa matarsa gobe za su shiga Bagudo su mayar wa mai batir kayansa, ya sa hula ya tafi gaisuwar rasuwa garin Geza.

To, matar nan sai na gaya muku ko wace ce. Badandiya ce daga can ƙetaren iyaka, kuma a duk bakin Kwara ba a yi mace mai tsabtarta ba. Tukunyarta in ta kife a rana, masu jirgi daga nesa sukan ɗauka fitilar kwastan ce su juya. Na taɓa ba su aron tsohuwar jarka da ta sha baƙin mai, ta dawo mini da ita na rantse ba tawa ba ce. A wurinsu, mu ma haka muka tashi muka tarar, kayan mutane ba a mayar da shi da datti, ba a kuma mayar da shi hannu sake. Macen da ta mayar da kwanon maƙwabta da miya a gefe, har jikokinta sai an yi musu gori. Matar aminin nawa ta leƙa bokitin nan ta ga laka, ta ga tsatsa, ta ga wani kore-kore kamar bakin rijiya, kuma gobe da wannan za a shiga gidan aminin mijinta a gaban mutanen kasuwa. Mijin bai gaya mata komai ba, don a ganinsa maganar ƙarfe da waya ta maza ce da 'yan boko. Ta tace ruwan toka mai kauri, ta jiƙa su, ta kawo rairayi da soso ta zauna.

Da hantsi ranar kasuwa suka iso. Shi yana gaba, fuskarsa kamar wanda jirginsa ya nutse. Ita tana baya da samira a ka, an rufe da farin ƙyalle, tana fara'a. Ta sauke, ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yaye ƙyallen. Busasshen kifi a gefe ɗaya, manya-manya. A ɗaya gefen farantan ɗiyata a jere kamar kayan ɗakin amarya. Waɗanda aka bari tsirara ta dirje su har ina ganin haƙorana a ciki. Masu rigar kuwa, wasu ta ci rabin rigar da rairayi, sauran duk sun zama shuɗi, shuɗi ɗaya tak kamar an tsamo su daga marina.

Ta ce, "Mai batir, a yi haƙuri da waɗanga. Na yi iya yina, shuɗin ya ƙi fita."

Ɗiyata ta fito daga ɗakin baya da safar hannu a sanye, ta shirya karɓar bokitin laka. Ta tsaya. Ta ɗauki faranti ɗaya ta juya shi, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ni ne na buɗe baki, kuma na ce da yawa. Na tambayi aminina ko kunnuwan da Allah ya ba shi na ado ne. Na ce kogin Kwara da ya ci garuruwa ya ci shanu ya ci jiragen Turawa bai iya taɓa ƙarafan nan ba, sai ga shi soso ɗaya ya gama da su kafin la'asar. Na ce da na sani da kada na ba wa ajiyar, shi aƙalla ba ya wanke-wanke. 'Yan kabu-kabu suka kashe injuna suka matso. Shi dai kansa a ƙasa, yana cewa ya dawo daga Geza ya tarar an shanya su a kan tabarma, saura kaɗan ya koma a haɗa gaisuwar da tasa.

Matar ta dubi mijinta, ta dube ni, fara'ar tana raguwa. Har lokacin ba ta gane laifin ba, ta ɗauka shuɗin da ya ƙi fita ne ya ɓata mana rai, har ta ce in an ba ta kanwa za ta sake gwadawa. Wannan kalma ta kanwa ita ta kusa kai ni asibiti.

Ɗiyata ce ta ja ta gefe, ta zaunar da ita a bencina, ta durƙusa. Ta yi mata bayani a hankali cewa dattin shi ne aikin, launin da suka fito da shi daga ruwa shi ake nema, toka kuwa tana kashe tsami, duk rigar da ta taɓa sai ta koma shuɗi, mai ƙarfi da marar ƙarfi. Rairayin kuma ya tafi da ƙarfe tare da tsatsar, sikeli ba zai iya raba wanda kogi ya ci da wanda soso ya ci ba. Matar ta kama baki. Sai ɗiyata ta yi mata tambayar da ni hayaniya ta hana ni tunowa.

"Inna, kafin ki sa su a toka, da kika ɗauraye lakar, wane launi kika gani?"

"Wasu shuɗi, ɗiyata, tun daga ruwa. Wasu kuwa kore shar, kamar an tsinko ganye. Su na fi ba wahala ma, don na ɗauka gansakuka ce."

"Waɗanne ne koren? Kin ga 'yan ɗigon da ke kusurwa?"

"Wane ɗigo? Ni datti nake kallo."

Ɗiyata ta zauna daɓas a ƙasa cikin ƙurar shago, ta yi wata dariya da hawaye a ciki. Wato akwai haɗin da ya yi damina a Kwara ya fito da ransa. Amsar ta hau tudu, ta shiga bokiti, mutum ɗaya a duniya ya gan ta, kuma ba ta duba lamba ba. Ta yi ta jera farantan a gaban matar ko za ta tuna, wannan ne ko wancan, matar tana nuna ɗaya ta fasa ta nuna wani, don kawai ta faranta mata.

Da yamma na ce a gwada dabara. Tunda toka ta kashe tsami, ga ruwan batir cike da jarka, a mayar musu. Ta ce in zo in gani. Ta sirka shi da ruwa sosai, ta tsoma wani shuɗin faranti, nan take ya koma kore. Na yi tsalle, na ce a kira mai kiɗa. Ta tsoma na biyu, kore. Na uku, kore. Duk wanda ya sha tsami sai ya farfaɗo, jarumin da ragon, babu mai bambanta su. Shaidu ne da aka riga aka ba su goro, kowa abu ɗaya zai faɗa.

Ta koma makaranta da farantan a leda. Malamin da ke duba aikinta ya saurara, aka ce har ya yi dariyar da ta sa shi tari, sannan ya ce labari ne mai ƙarfafa zuciya, amma ba a rubuta "wata Inna ta ga kore" a littafin digiri. A sake. Damina kuma sau ɗaya take zuwa a shekara, ko gwamna bai isa ya kira ta da rani ba. Abokan karatunta suka gama, suka sa hula mai tuntu suka ɗauki hoto, ita tana jiran a kawo anilin daga kudu. Wannan hoton da babu ita a ciki shi ne abin da har yau ban yafe wa toka ba. Kifin kuwa na rantse ba zan ci ba. Na riƙe rantsuwar har aka sauke miyar, daga nan na nemi fatawa wurin cikina.

Da damina ta zagayo ta sake yin wasu farantan. Wannan karon ta hau kabu-kabu da kanta har tungar, ta wuce aminina a bakin ruwa ko kallonsa ba ta yi ba bayan gaisuwa, ta shiga wurin matar. Ita ta damƙa wa amanar. Aka ce matar ta sa hannu a ka ta ce wannan jarrabawa ce daga Allah, a ba ta kayan mutane a ce ta zuba musu ido suna datti. Amma ta karɓa, kuma duk daminar ko mijin ba ta bari ya matsa kusa da igiyar ba.

Ranar da aka dawo da su, aminina ne ya shigo kasuwa da bokiti yana wari, laka har baki, ƙudaje na yi masa rakiya kamar ango. Matar ta ƙi biyo shi ta cikin mutane. Ta zagaya ta bayan gari ta shiga wurin matata, ta rufe fuska da mayafi, tana ba da haƙuri wai a rufa mata asiri kada a ce daga gidanta wannan ƙazanta ta fito. Ɗiyata ta ɗauraye lakar da ruwan kogin a hankali, muna tsaye a kanta. Na anilin zalla shuɗi. Na kusa da shi shuɗi. Sai ga waɗanda aka haɗa rabi da rabi, kore shar, ƙarfen da ke ƙarƙashi ko ƙwarzane babu, alhali na tsiraran tsatsa ta yi musu ramuka kamar fuskar mai zanzana. Ta ɗauki ɗaya da gudu ta shiga cikin gida ta nuna wa matar. Matar ta leƙo ta gefen mayafi, ta ce awo, irin wanga ne ta dirza bara, kuma har yanzu in za a bi ta tata yana son soso.

Ɗiyata ta gama, shekara guda bayan 'yan ajinsu. Ni kuwa abin da na samu shi ne, daga Kurgu har bakin iyaka an san gidan mai batir a matsayin gidan da ake kai wa kaya da datti su yi godiya. Makon jiya wani ɗan kabu-kabu ya dawo mini da sifana da na ba shi aro, baƙin mai har hannunta, ya ce ya so ya goge amma ya ji tsoron kada bincike ne.